Gudun Karɓa-Karɓa na Mata Mai Dogon Zango: Yadda Lardunan Ƙasar Japan Ke Gudanar da Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar gasar wasanni ta tsakanin gidaje a makarantunmu na firamare da sakandare ya san gudun miƙa sanda. Yara huɗu ne ke haɗuwa su zama ƙungiya ɗaya, kowanne ya ruga mita 100 ko mita 400, ya miƙa wa na gaba sanda, har na ƙarshe ya kai ta layin kammalawa. Matan Nijeriya sun yi suna a wannan fage. A gasar Olamfik ta 1992 a birnin Barcelona, Mary Onyali da abokan gudunta uku sun ciyo lambar tagulla a gudun mita 100 sau huɗu. Haka kuma a gasar 1996 a birnin Atlanta na Amurka, tawagar da ta haɗa da Fatima Yusuf da Falilat Ogunkoya ta samo lambar azurfa a gudun mita 400 sau huɗu.

To amma akwai wani nau'in gudun karɓa-karɓa da ba a cika saninsa ba a wannan yanki namu. Shi a kan titi ake yin sa, tsawonsa kuma yakan kai kilomita 40 ko fiye, ana raba shi zango-zango tsakanin 'yan ƙungiya. Ƙasar Japan ce mahaifarsa, a can ana kiran sa ekiden. A wannan maƙala za mu yi wa jama'a bayanin asalinsa da ƙa'idojinsa, tare da mayar da hankali a kan babbar gasar mata da lardunan ƙasar ke fafatawa a cikinta kowace shekara. Mun zaɓe ta ne saboda yadda aka tsara ta: babu lardin da zai yi nasara da tauraruwa ɗaya, sai wanda ya kula da 'yan matansa tun daga ƙaramar sakandare. Muna ganin akwai abin lura a ciki ga jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu da iyaye.

Asalin gudun da ma'anar sunansa

Kalmar ekiden ta ƙunshi kalmomi biyu na harshen Japananci: eki, wato tasha ko zango, da den, wato isar da saƙo. A zamanin da, hukumomin ƙasar sun kafa zanguna a kan manyan hanyoyi, inda manzo zai sauka ya sauya doki, ko ya miƙa saƙo ga wani ya ci gaba da shi. Daga wannan tsari aka aro sunan.

An yi gudun ekiden na farko a watan Afrilun 1917, domin bikin cika shekara 50 da mayar da babban birnin ƙasar zuwa Tokyo. Jaridar Yomiuri ce ta ɗauki nauyinsa. An tashi daga gadar Sanjo da ke Kyoto, tsohon babban birni, aka ƙare a unguwar Ueno da ke Tokyo, tafiyar da ta haura kilomita 500, aka raba ta zango 23, aka kuma shafe kwana uku ana yi dare da rana. A 1920 aka fara gasar Hakone ta ɗaliban jami'a maza, wadda ake yi ranakun 2 da 3 ga Janairu, mai zango 10 da tsawon kilomita 217 da 'yan kai. Ita ce ta fi kowace shahara a ƙasar.

Su kuwa mata sun daɗe ba a ba su wannan dama ba, kuma ba a Japan kaɗai ba. A gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam, wata 'yar Japan mai suna Kinue Hitomi ta zo ta biyu a gudun mita 800, ta zama mace ta farko da ta ciyo wa ƙasarta lambar Olamfik. Sai dai bayan wannan gasa aka soke gudun mita 800 na mata baki ɗaya, bisa zaton cewa jikin mace ba zai jure shi ba, ba a kuma dawo da shi ba sai a 1960. Shi kuwa gudun famfalaƙi na mata, mai tsawon kilomita 42.195, bai shiga Olamfik ba sai a 1984 a Los Angeles. A daidai lokacin da ake shirin wannan sauyi ne Japan ta tashi tsaye wajen samar da mata masu gudun dogon zango. A 1981 aka fara gasar ekiden ta matan kamfanoni, a 1983 kuma aka kafa gasar larduna. Abin lura a nan shi ne, gasar larduna ta maza, wadda ake yi a Hiroshima, ba ta fara ba sai a 1996, wato shekara 13 bayan ta mata.

Yadda aka tsara gasar larduna ta mata

Ƙasar Japan ta kasu larduna 47, waɗanda matsayinsu ya yi kusa da na jihohi a wajenmu. Kowane lardi yana turo tawaga ɗaya birnin Kyoto a watan Janairu. Hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta ƙasar ce ke shirya gasar, tare da jaridar Kyoto da gidan rediyo da talbijin na NHK, wanda ke watsa ta kai tsaye. Tawagar da ta zo ta ɗaya ana ba ta kofin da ke ɗauke da sunan matar Sarkin Japan.

Ana tashi daga filin wasa na Nishikyogoku, a bi titunan birnin zuwa babban zauren taro na ƙasa da ƙasa da ke arewacin Kyoto, sannan a juyo a dawo filin da aka tashi. Tsawon hanyar daidai yake da na gudun famfalaƙi, wato kilomita 42.195, an kuma raba shi tsakanin mata tara kamar haka:

Zango na 1: kilomita 6
Zango na 2: kilomita 4
Zango na 3: kilomita 3
Zango na 4: kilomita 4
Zango na 5: kilomita 4.1075
Zango na 6: kilomita 4.0875
Zango na 7: kilomita 4
Zango na 8: kilomita 3
Zango na 9: kilomita 10

Ƙa'idar gasar ta keɓe zango na 3 da na 8 ga ɗaliban ƙaramar sakandare kawai. Har ila yau, wajibi ne a sanya 'yan matan da ke shekarun babbar sakandare a wasu daga cikin sauran zangunan. Ragowar kuma ɗaliban jami'a da ma'aikatan kamfanoni ne ke cike su. Bugu da ƙari, akwai tanadin da ya ba wa wadda aiki ko karatu ya kai wani lardi damar komawa ta yi wa lardin da ta yi makaranta gudu, domin kada larduna masu manyan kamfanoni su kwashe gwanaye duka. Ta haka ne yarinya 'yar shekara 14 ko 15 kan sami kanta a tawaga ɗaya da wadda ta wakilci ƙasa a Olamfik, su sauka masauki ɗaya, su ci abinci tare, wani lokaci ma ta karɓi saƙo daga hannunta.

Ɗamarar da ake miƙawa da ƙa'idojinta

A wannan gudu ba sanda ake miƙawa ba. Wani siririn ƙyalle ne da ake kira tasuki, mai faɗin kimanin santimita 6, tsawonsa kuma bai kai mita biyu ba. Ana haɗa bakinsa biyu, a rataya shi daga kafaɗa ya ratsa ƙirji zuwa ƙugu. Asalinsa igiya ce da Japanawa ke ɗaure hannun riga da ita idan za su kama aiki, don haka abin da ya fi kusa da shi a wajenmu shi ne ɗamara, da wannan suna kuma za mu ci gaba da kiran sa.

Manyan ƙa'idojin su ne: mai gudu za ta rataya ɗamarar tun daga farkon zangonta, sai ta kusa wurin miƙawa sannan ta cire ta riƙe a hannu. Hannu da hannu ake miƙa ta, ba a jefawa, kuma a cikin tazarar mita 20 daga layin da aka shata. Kowace mace zango ɗaya take gudu. Idan wata ta kasa kammala zangonta, tawagar duka ta rasa matsayi a sakamakon ƙarshe, ko da sauran takwas sun yi bajinta.

Akwai wata ƙa'ida da ta samo asali daga buƙatar buɗe wa motoci hanya a kan lokaci. A gasanni da dama, idan tawaga ta yi nisa a baya har ta wuce mintunan da aka ƙayyade, alƙalai kan sallami mai jiran karɓa ta kama hanya da wata ɗamara ta wucin gadi, ba tare da ta jira 'yar uwarta ba. Mai zuwa sai ta iso da ɗamara a hannu ta tarar babu mai karɓa. Tawagar za ta kammala, a kuma haɗa mata lokacinta, amma Japanawa na ɗaukar wannan a matsayin babban abin baƙin ciki, domin ɗamarar da ta jiƙe da gumin waɗanda suka gabata ba ta kai gida ba.

Dalilin da ya sa gwana ɗaya ba ta isa ba

Idan muka dubi lissafin zangunan, za mu ga cewa mafi tsawo, wato na 9, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar ba. Saura kilomita 32 da ɗoriya na hannun mata takwas ne, biyu daga cikinsu ƙananan yara. A 2013 tawagar lardin Kanagawa ta kammala cikin awa 2 da minti 14 da daƙiƙa 55, abin da ya kafa tarihi a gasar. Wannan na nufin kowace kilomita ta ci musu kimanin minti 3 da daƙiƙa 12. A irin wannan sauri, idan kowace daga cikin mata tara ta yi jinkirin daƙiƙa 10 kacal, tawagar ta yi asarar minti ɗaya da rabi ke nan, wanda ya haura zagaye guda na filin wasa. Da wuya gwanar da ke zangon ƙarshe ta iya cike irin wannan giɓi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka masu horarwa kan yi dogon nazari wajen rabon zanguna. A zango na 1 duka mata 47 ke tashi lokaci guda, ana buƙatar mai natsuwa wadda cunkoso ba zai firgita ba. Zangunan da ke da hawa ana ba mai ƙarfin ƙafa, masu gangara kuma a ba mai sauri. A tsakiyar gasa tazara kan buɗe, mai gudu ta sami kanta ita kaɗai a kan titi, don haka ana neman wadda ta san gwargwadon ƙarfinta, ba ta buƙatar wani a gabanta kafin ta daidaita saurinta. Zango na 9 kuwa na mai juriya ne da gogewa.

Babban sakamakon wannan tsari shi ne ya tilasta wa kowane lardi, har da na karkara masu ƙarancin jama'a, ya riƙa bibiyar makarantunsa yana neman yara masu hazaƙa, yana shirya gasannin share fage da sansanonin horo. Lardin Kyoto, wanda ya fi kowane yawan nasara, ya ɗauki kofin karo na 19 a 2025, kuma an san shi da makarantun sakandare da jami'o'i masu ƙarfi a fagen gudu.

Abin da tsarin ya haifar

Manyan 'yan gudun famfalaƙi na Japan da dama sun bi ta wannan gasa, kuma ba dukansu ne suka fara da haske ba. Yuko Arimori ta lardin Okayama ta yi shekara uku a jere tana 'yar benci a tawagar lardinta lokacin tana sakandare, ba a sa ta ta yi gudu ba. Daga baya ta ciyo azurfa a Olamfik ta 1992 da tagulla a ta 1996. Naoko Takahashi ta lardin Gifu, a fitowarta ta farko tana 'yar sakandare, ta zo ta 45 cikin 47 a zangonta. Ita ce ta ci zinare a Sydney a 2000, sannan a 2001 a birnin Berlin ta zama mace ta farko a duniya da ta kammala gudun famfalaƙi cikin ƙasa da awa 2 da minti 20. Mizuki Noguchi ta lardin Mie ita ma ta ci zinare a Athens a 2004. Da a ce na ɗaya kawai ake nema a mayar da hankali a kanta, da an yi watsi da Arimori da Takahashi tun suna yara. Da rarrafe yaro kan tashi.

Wasan ya kuma tsallaka wasu ƙasashe. Hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta amince da tsarin mutum shida a kan tsawon gudun famfalaƙi: kilomita 5, 10, 5, 10, 5 da 7.195. Ta shirya gasar duniya sau huɗu daga 1992 zuwa 1998, inda matan Habasha suka zo na ɗaya a 1996 da 1998. A shekarar 1998 ɗin ce kuma matan ƙasar Sin suka kammala wannan tsawo cikin awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 41 a birnin Beijing.

Haɗarin da ke tattare da shi

Wajibi ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. Nauyin da ɗamara ke ɗora wa mai gudu, wanda shi ne ƙarfin wasan, shi ne kuma haɗarinsa. Wadda ke gudu don kanta, idan ta ji ciwo tana iya tsayawa. Wadda ta san tsayawarta zai rushe wahalar 'yan uwanta duka, da wuya ta yarda ta tsaya.

A watan Oktoban 2018, a gasar share fage ta matan kamfanoni da aka yi a lardin Fukuoka, wata 'yar shekara 19 ta faɗi ta karye a ƙashin ƙwauri, saura kimanin mita 200 ta kai wurin miƙawa. Sai ta riƙe ɗamara a hannu ta yi rarrafe a kan kwalta, gwiwoyinta na zubar da jini, har ta miƙa wa abokiyarta da ke tsaye tana hawaye. Mai horar da ita, wanda ke kallo ta talbijin daga wani wuri, ya nemi a dakatar da ita, amma saƙon bai yi aiki a kan lokaci ba, ita kuma ta nuna tana son ci gaba. A wannan gasa dai, wata da ke kan gaba ta rasa ruwa a jikinta, ta riƙa tangaɗi tana juyawa baya, har aka fitar da ita. Wasu sun yaba wa jarumtakar mai rarrafen, wasu kuma suka ce sakaci ne na masu shiri. Bayan haka aka fayyace ƙa'ida cewa alƙalai na da ikon tsayar da wadda ta kasa gudu, ko da ita ta ce za ta ci gaba.

Wata matsalar ita ce ta ƙarancin jini, wadda ta fi addabar 'yan mata masu yawan horo da ƙarancin abinci. An gano cewa wasu masu horarwa na sa a yi wa ɗalibai allurar sinadarin ƙarfe ba tare da larura ba, don neman ƙarin juriya, alhali yawansa na illata hanta da zuciya. A 2019 hukumar wasannin ƙasar ta fitar da ƙa'idojin hana wannan ɗabi'a.

Abin lura ga jami'anmu da iyaye

Ba mu kawo wannan bayani don a kwafi komai yadda yake ba. Yanayin Kyoto a watan Janairu sanyi ne ƙwarai, har an yi gasar 2017 cikin dusar ƙanƙara, alhali a wajenmu zafin bazara kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. To amma gudun karɓa-karɓa ba ya buƙatar gini ko kayan aiki masu tsada, kuma duk makaranta ko ƙaramar hukumar da ke tunanin gwada shi ga 'yan mata za ta amfana da waɗannan darussa:

Na farko, a nemi yardar iyaye a rubuce, a kuma tuntuɓi hakimai da dagatai da malamai tun kafin a sa rana. Malamai mata su ne ya dace su kula da 'yan wasa. Sutura mai rufe jiki ba ta hana gudu: Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain ta ci zinare a gudun mita 200 a gasar nahiyar Asiya ta 2006 a Doha sanye da hijabi.

Na biyu, a fara da gajerun zanguna, kamar kilomita ɗaya ko biyu, a cikin harabar makaranta ko filin da aka killace, bayan makonni ana horo sannu a hankali. A keɓe wa ƙananan aji zangunansu a cikin ƙa'ida, domin kada a cika tawaga da manya.

Na uku, a zaɓi lokacin sanyi da sassafe, a kauce wa bazara da ranakun da ƙurar hunturu ta yi kauri. A ajiye ruwan sha mai tsafta a kowane wurin miƙawa.

Na huɗu, ma'aikatan lafiya su duba kowace yarinya kafin gasa, musamman ƙarancin jini da zazzaɓi da ciwon asma da sikila. Kada a ba kowa magani ko allura don ƙarin ƙarfi. A tanadi motar ɗaukar marasa lafiya da 'yan benci da za su maye gurbin wadda ba ta jin daɗi.

Na biyar, idan za a hau titi, sai da izini da rakiyar 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, a rufe hanya ga motoci da babura har mai gudu ta ƙarshe ta wuce.

Na shida, kuma mafi muhimmanci, a rubuta tun farko wanda ke da ikon tsayar da mai gudu, a ba shi waya, a sanar da kowane alƙali da ke kan hanya cewa shi ma yana da wannan iko. A kuma shaida wa yaran a gaban juna cewa wadda ta tsaya saboda ciwo ba ta ci amanar kowa ba. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna jan hankalin shugabannin sassan ilimi na ƙananan hukumomi da malaman wasanni da ƙungiyoyin iyaye da malamai cewa lardunan Japan ba su kai inda suka kai a rana ɗaya ba. Sun shafe fiye da shekara 40 suna tara 'yan mata tara-tara duk shekara, suna ba ƙarama zangonta, suna haƙuri da wadda ta zo ta 45, suna kuma gyara ƙa'ida idan kuskure ya bayyana. Duk wanda aka damƙa wa 'ya'yan jama'a a filin wasa amana ce aka ba shi, kuma lafiyar yarinya ɗaya ta fi kowane kofi daraja. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kuma albarkaci zuri'armu baki ɗaya, amin.